Zuwa Ga Haruna, Wanda Aka Sare Wa Inabi

Zuwa ga abokina kuma sa'ana, Malam Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai gaishe ka yadda ya kamata ba. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, a duk inda Allah Ya ajiye ku. In ka tambayi mutanen Taba, suna nan lafiya, an gama kaka, an shiga aikin rani. Ni ne Sule, ɗan gidan marigayi Malam Audu, in har sunan yana buƙatar ƙarin bayani a wurinka yanzu.

Ka yi haƙuri da na shimfiɗa maganarmu a shafina inda kowa zai karanta. Wata huɗu ke nan lambarka ba ta shiga. Na kira da safe, na kira da azahar, na ari wayar wasu na kira ko tawa ce ka toshe, amsa ɗaya ce: a kashe take. Wani direba da ke kai tumatir Fatakwal ya ce an tashi kasuwar da kuke zama da albasa, mutane sun watse. Ya ce ya taɓa hango ka a bakin titi, ka rame, kana tari. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce bai tabbata kai ba ne. Tun ranar tuwo bai ƙara zauna mini daidai ba. Shi ya sa na rubuta a fili, ko cikin masu karantawa akwai wanda ya san inda kake, ya miƙa maka waya ya ce ga saƙonka.

Akwai maganar da na riƙe shekara goma sha takwas. Zan fara da ita, sannan in gaya maka abin da ya sa nake nemanka.

Ka tuna ranar da ka dawo daga Zariya da buhu a bayan keke? Ka yi shekara biyu kana aikin lambu a gidan gonar wani mutum, ka dawo da jiƙaƙƙen buhu cike da 'yan itatuwa. Na zaci ƙirare ka kawo wa mahaifiyarka, Inna Asabe. Ka kwance bakin buhun a hankali kamar mai fito da ƙwai, ka ce, "Sule, inabi ne." Na yi dariya na ce inabi ai sai ƙasar Larabawa. Ka ce ka ga yana yi da idonka, ka ci, ka koyi yadda ake bi da shi. Ka ɗauki ɗaya ka nuna mini 'yan ƙulle-ƙullen jikinsa, ka ce idanu ne irin na rake, daga nan toho ke fita.

A lokacin duk fadamarmu rake ce. Uban kowa rake ya shuka, kakansa ma haka, in an sare a kai Makarfi ko a matse a yi mazarƙwaila. Gonar gidanku kuma gandu ce, tun rasuwar mahaifinka tana hannun ƙanensa, Baffa Ɗanjuma, ba a raba ba. Ka yi ta zarya har ya yanka maka ɗan gefe kusa da rijiya, ya ce ka yi wasanka, in ka gaji ka dawo aiki.

Ni na taya ka kafa rumfar da inabin zai hau. Mu biyu muka sari turaku, muka haƙa ramuka, muka ja waya har tafin hannuna ya yi bororo. Da garwa muke ban-ruwa don ba mu da inji. Kana ɗaure reshe a waya kana yi masa magana ƙasa-ƙasa. In na ce mu yi sauri rana ta yi, sai ka ce in zo in ga yadda ɗan zaren nan ke laluben waya da kansa har ya kama. Haushi nake ji, amma a zuciyata ina son abin. Wata rana muna hutawa a ƙarƙashin rumfar da ba ta yi inuwa ba tukuna, ka ce nan gaba duk fadamar nan za ta koma inabi, kuma a ranar matsalar za ta zama wata daban. Ka ce, "In kowa ya datse rassansa mako ɗaya, kowa zai tsinka mako ɗaya, dillali ne kaɗai zai yi dariya. Mai wayo sai ya jinkirta." Na ce ka bari mu ga ƙwaya ɗaya tukuna kafin ka fara rabon kasuwa.

Shekarar farko ganye kawai. Ta biyu ya yi 'ya'ya kaɗan masu tsami, tsuntsaye ma suka riga mu. Ka ce haka yake, sai a ta uku yake kama ƙasa. Amma gari ba ya jiran ta uku. In mutum ya yi aikin banza sai a ce ya kafa rumfar Haruna. Mata suka riƙa yi wa Inna jaje kamar ka samu taɓin hankali. Ka koma bi ta bayan gari in za ka gona, don kada ka wuce ta majalisa.

Ga abin da ban taɓa gaya maka da bakina ba.

Bayan la'asar ne, a majalisar gindin tsamiya. Kai kana gona. Ni kuwa lokacin ina neman auren Hajara, kuma mahaifinta yana zaune a tabarma kusa da Baffa Ɗanjuma. Na durƙusa na gaishe su, ina shirin tashi sai Baffa ya ce in dakata. Ya ce, "Sule, kai ne abokin tafiyarsa. Tsakaninka da Allah, wannan abin na Haruna zai yi?"

Na ji idon mahaifin Hajara a kaina. Na san abin da ake so a ji, na kuma san yadda za a kalle ni in na faɗi wani abu daban: ga ɗayan mahaukacin. Sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi Baffa, ni ma na sha gaya masa ya bari, ba ya ji."

Haruna, ban taɓa ce maka ka bari ba. Ko sau ɗaya. Kwana biyu kafin nan ni ne na ce ka ajiye mini iri in ka datse. Na yi ƙarya, na haɗa da sunan Allah, don dattawa su gyaɗa kai su ce yaron nan yana da hankali. Sun kuwa gyaɗa. Baffa ya juya ga jama'a ya ce, "To kun ji. Abin da babba ya hango..." Bai ƙarasa ba, wasu suka ƙarasa masa.

Ba a yi kwana goma ba aka sa adda. Ban je ba. Ina gonarmu ina jin ƙarar waya tana tsinkewa, na sunkuyar da kai ina ta noman wurin da na riga na nome. Da yamma na hango ka kana naɗe wayar kai kaɗai, kana jera turakun gefe guda a tsanake, kamar gobe za ka sake kafawa. Na so in zo. Amma ban zo ba.

Bayan ƙaramar Sallah ka tafi kudu. Ba ka yi mini sallama ba, amma ka bar wa mahaifiyata almakashinka na datsa, ka ce a ba Sule. A shekarar aka ɗaura mini aure, ba ka zo ba, na ce wa mutane nisa ne. Sau biyu ka zo gida tun daga nan. Duk biyun ka miƙo mini hannu ka ce, "Malam Sule, ya iyali?" Mu da muka sha kunu da ludayi ɗaya. Ban taɓa jin malantar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Yanzu bari in ba ka labarin gida. Maganarka ta tabbata. Wasu a can wajen Kudan suka gwada inabi ya yi, labari ya bazu. Yau in ka hau tudu ka dubi fadama, rumfuna ne ko'ina, rake ya koma gefe-gefe. Motoci suna zuwa daga birane da kwalaye. Daidai wurin da aka sare naka, 'ya'yan Baffa Ɗanjuma sun kafa tasu rumfar. Shi Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, amma baki na nan. Na ji shi da kunnena yana gaya wa baƙi cewa ɗan wansa ne ya fara kawo irin nan garin. Ya ce, "Yaron ya ga nesa, gaggawa ce ta yi masa yawa." Babu wanda ya ko yi tari a wurin. Ni ma ina zaune, ban ce uffan ba.

Shekara uku da suka wuce na tumɓuke rakena duka na shuka inabi. Kada ka zaci tunani na yi ko tuba. Kowa ya shuka ne, ni ma na shuka. Ranar da nake kafa turakuna na tsaya na dubi kaina. Da ake yi maka dariya na taya, da aka koma yabon inabi na taya. Shekarata arba'in da 'yan kai, amma in aka ce in nuna abu ɗaya da na yi don ni na ga dacewarsa, ban san me zan nuna ba. Hular da ake yayi ita nake sawa. Ko sunan 'yata ta fari sai da na duba wanda ake yawan sawa a lokacin. Ɗan bi yarima a sha kiɗa, shi ne ni, kuma kiɗan ma ban taɓa tsayawa na ji ko yana da daɗi ba.

Bara muka ga abin da ka faɗa. Duk gari muka datse a mako ɗaya da ɗaukewar ruwan sama, inabi ya nuna a tare. Ka san shi ba rake ba ne da zai jira ka a gona. Dillalai suka zo suka zauna a kan motocinsu suna sakace haƙori, suka faɗi abin da suka ga dama. Na yini a bakin hanya da kwalayena, ina kallon na ƙasa suna laushi, ƙudan zuma na zagaye su. Da yamma na bayar yadda aka taya. A hanyar gida maganarka ta faɗo mini, har da yadda kake kwance rigingine kana taunar ciyawa lokacin da ka faɗe ta.

Bana da kowa ya fito da almakashi, ni ban motsa ba. Mako ɗaya, biyu, har biyar. Rumfunan maƙwabta suka yi sabon toho, suka yi fure, tawa tana nan da tsohon ganye kamar gonar da mai ita ya mutu. Ban gaya wa kowa dalili ba sai Hajara da ƙanena Musa. Da mako biyar ya cika na buɗe akwati na ɗauko almakashinka. Shekarun baya almakashin kasuwa nake riƙewa, don ba na iya kallon naka. Na wasa shi, na sa masa mai, na datse gonar cikin kwana uku.

Yanzu ni ne abin hira a gindin tsamiya. An ce lalaci ne ya sa na makara, an ce karatun waya ne ya ruɗe ni. Na fara bi ta bayan gari. Ranar farko da na kama kaina a 'yar hanyar nan, tsakanin shinge da kududdufi, sai na tsaya cak. Ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Wata da watanni ka yi kana bin ta, ban raka ka ko sau ɗaya ba.

Sai kuma abin da ya faru da Musa. Ka bar shi yaro mai yawan kuka, yanzu magidanci ne da 'ya'ya uku. Makon jiya wani dattijo ya tare shi a majalisa da irin tambayar da aka yi mini, ko abin da yayansa ya yi zai yi. Wanda ke wurin ne ya ba ni labari. Musa ya ce, "Ban sani ba, Baba. Amma Yaya ya yi tunani kafin ya yi, kuma gobe ni zan taya shi ban-ruwa." Shi ke nan. Aka ɗan yi gunaguni, wani ya ce Allah Ya kyauta, aka koma hirar taki. Ba wanda ya tashe shi daga tabarma. Washegari ya gaishe su suka amsa kamar kullum.

Wannan ne ya karya ni, Haruna. Duk shekarun nan ina lallashin kaina cewa ba ni da zaɓi, da na tsaya maka da na rasa Hajara, da gari ya juya mini baya. Ashe abin da ake buƙata bai fi numfashi biyu ba. Wataƙila da an sare ɗin duk da haka. Amma da ba kai kaɗai ka naɗe wayar ba.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Da na datse, sanyi ya sauko da wuri. Ka taɓa ce mini toho kan fito cikin kwana goma zuwa sha biyu. Na ƙirga sha biyar, sha takwas, rassan suna nan tsirara a kan waya kamar ƙasusuwa. Ba ni da rake ko kara ɗaya da zan koma wa. Gonar nan ita ce tuwon gidana, ita ce makarantar yara. Kuma ban sani ba ko jinkirin mako biyar kake nufi ko na biyu, ko ma akwai wani abu da ake yi wa idanun in sanyi ya shigo wanda ba ka kai ga gaya mini ba. Magana ɗaya na tsinta daga bakinka na ɗora gidana a kanta. Wani lokaci nakan ce, anya wannan ma ba bin wani ba ne? Na bar bin gari na koma bin ka. Ban san amsar ba. Na dai san wannan karon ni na zauna na auna, ni na yanke, in ta ɓaci ba ni da wanda zan nuna wa yatsa.

Hajara ta fi ni natsuwa. Ta ga ina zarya gona sau huɗu a rana, ta ce, "Malam, ka datse ka datse. Kallo ba ya fito da toho. Zauna ka sha kokonka tun da zafi." Rannan na zauna ɗin. Shekara nawa tana dama kokon nan, ban taɓa lura nawa daban take yi ba, da citta da kanumfari, na yara daban don ba sa son yaji. Na tambaye ta tun yaushe take raba tukunya biyu. Ta dube ni ta ce tun kafin a yaye babbar 'yarmu. Yarinyar kuwa bana take gama sakandare.

Wani abu ya same ni a jiran nan. Saboda kullum ina duba idanun reshe ɗaya bayan ɗaya, sai idona ya koyi tsayawa. Na ga yadda raɓa ke taruwa a ƙasan waya ta yi layi kafin ta ɗiga. Akwai wata Bafulatana da ke wucewa ta gefen gonata da ƙwaryar nono kowace hantsi. Ta fi shekara biyar tana bi ta nan, sai yanzu na san sunanta da rugarsu, na kuma san mijinta yana kwance ba lafiya. In iska ta juyo ta kawo ƙamshin mazarƙwaila daga wurin mutum biyun da suka rage suna dafawa, sai in dakata da abin da nake yi. Shekaranjiya na sayi rake kara ɗaya, ni da na noma shi shekara ashirin, na zauna a kan kunya na fere na sha a hankali, na ji zaƙinsa kamar ban taɓa sha ba. Ashe irin abin da kake ja na in gani ke nan, ni ina ce maka rana ta yi.

A kwana na ashirin da ɗaya, a layin gabas wanda rana ke fara bugawa, na ga idanu sun kumbura. Gindi tara ne kacal cikin gona guda. Ɗan toho ja-ja mai gashi, kamar kunnen ɗan ɓera. Na durƙusa a wurin na daɗe. Sauran har yau shiru, ban san ko za su biyo baya ba. Wanda na so in fara gaya wa, lambarsa a kashe. Sai na wanke ƙafa na hau babur na nufi Makarfi wurin Inna.

Ka san tun bara take gidan ƙanwarka Lami. Haruna, Inna ba ta da lafiya. Ƙafafunta sun kumbura, ko bakin ƙofa sai an riƙe ta, abinci sai an yi da gaske take cin loma uku. An kai ta asibiti sau biyu, Lami tana iya ƙoƙarinta. Amma Lami ta ja ni gefe ta ce ba ƙafar ce ta fi cin ta ba. Ka saba kiranta duk Juma'a in an sauko daga masallaci. Har yanzu duk Juma'a sai ta sa a yi wa wayar caji tun safe, a ɗora mata a cinya, ta zauna har la'asar. In aka kira sallah sai ta miƙa wa Lami ta ce, "Ajiye, wataƙila aiki ne ya yi masa yawa."

Na zauna a bakin tabarmarta na gaishe ta, na ba ta labarin tohon don in sa ta murmushi. Ta yi kuwa. Ta ce da kana nan da a gonar za ka tare. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina gaya mata komai, majalisar, tambayar Baffa, da rantsuwar da na yi. Na zaci sabon labari nake ba ta.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta sani tun ranar. Ta ce kwana da kwanaki kana ja da Baffa, kana roƙon a ƙara maka shekara ɗaya, har ka ce a cire wurin daga rabonka na gado. Rannan Baffa ya shigo kana cin tuwo, ya ce har Sule ya ce ya sha gaya maka. Ta ce ka cire hannunka daga kwano ka ce, "Sule ne ya faɗa?" Baffa ya ce a gaban jama'a kuwa. Sai ka ce, "To, a sare." Daga nan ba ka ƙara cewa komai a kan gonar ba, ba ka kuma taɓa ambaton sunana da mugun abu a gabanta ba.

Ban san haka ba. Ina zaton maganata ƙari ce kawai a kan hukuncin da aka riga aka yanke. Ashe kana tsaye da ƙafarka har sai da ta iso maka.

Na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Sule, yafiya tsakaninka da shi ce, ni ba ni da ita da zan ba ka. Kada ka zo mini da kuka. Ni ɗana nake so in gani tun ina da idon gani. Ka iya karatu, ka iya waya, kana da ƙafa. Nemo mini shi."

To ka ji dalilin wannan takarda. Gafara kam ina nema, ba zan yi maka wata ƙaryar ba. Amma ba sai ka ba ni ba. Ba sai ka amsa mini ba ma. In wannan ya iso gare ka, ka kira Lami, lambarta ba ta canja ba. In ciwo ne ya kwantar da kai, ka sa wani ya kira. In kasuwa ce ta karye kake kunyar a ji, babu mai jiran ka da kaya. Inna ko tsinke ba ta tambaya ba. Ka zo da rigar jikinka.

Na san ba kai kaɗai ke karanta wannan ba. Duk wanda ya san wani Haruna mutumin Taba mai sayar da albasa, dogo, mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu, don Allah ya nuna maka.

Na samu wuri a wata motar kaya da za ta tashi daga Ikara Asabar mai zuwa. In ban ji daga gare ka ba kafin nan, zan bi ta. Ban taɓa wuce Kaduna ba. Ban san yaren mutanen can ba, ban san ta inda zan fara ba, sai dai in bi masu albasa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Kuma wannan ne lokacin da gona ta fi buƙatata, don sabon toho yana son ruwa a kan kari da feshi. Na bar wa Musa. Hajara ta fara soya mini guzuri, ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. A majalisa an ce Sule ya ƙarasa zarewa, zai bar gona tsirara ya shiga duniya. Jiya na tsaya a gabansu na yi sallama, na gaya musu da bakina inda za ni da wanda zan nema. Baffa ya ce in na gan ka in ce yana gaishe ka.

Haru, Allah Ya sa kana raye kana lafiya. In ciwo ne, Allah Ya sa kaffara ne, Ya tashi kafaɗarka. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya ja kwananta har ta ɗora hannunta a kanka. Ya tsare hanya, Ya haɗa fuskokinmu, ko da ba za ka ce mini komai ba. Amin summa amin.

Ka gaida maiɗakinka da yaran, waɗanda ban san sunayensu ba tukuna.

Naka, in ka yarda,
Sule
Taba, ƙasar Kudan